Gawo Yana Ganye Da Rani

Kun saba ganin zancen taki da rumbu da rijiya a wannan shafi. Yau labarin wata tukunya muka kawo muku daga birnin Sakkwato, daga unguwar da ake kira Gawon Nama. Amma kada manomi ya ajiye takardar, gama labarin nasa ne, za mu kuwa koma gona kafin mu gama.

Duk wanda ya san Sakkwato ya san Gawon Nama. Akwai shataletale inda hanyoyi suka haɗu, ga 'yan kabu-kabu, ga masu shayi da masu tsire, ga shagunan magani. Abin da ya fi tara jama'a a wurin shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan kusa. Ciwon da ya gagari ɗakin magani na ƙauye, ya gagari asibitin ƙaramar hukuma, nan ake kawo shi. Ana zuwa daga ko'ina cikin jihar Sakkwato, daga Kebbi da Zamfara, har daga ƙetaren iyaka, watau ƙasar Nijar.

In ka tsaya a bakin hanya da la'asar, ba sai an nuna maka mai jinya ba. Ga tabarma a naɗe a hammata, ga buta, ga takardar likita a hannu yana jujjuya ta, wataƙila ko karanta ta ba ya iyawa. Marar lafiya yana da gado, akwai masu duba shi dare da rana. Amma wanda ya kawo shi fa? Ya zo da shirin kwana uku, ga shi yau kwana ashirin. Kuɗin da ya ƙulla a bakin zane, ko ya cusa a aljihun 'yar ciki, sun tafi wajen magani, haka kuwa ya kamata. Cikinsa shi ne na ƙarshe a lissafi. Na ga dattijo da ya yini da ruwan leda da ƙuli-ƙuli 'yan ƙwayoyi, da aka tambaye shi ya ce ya ƙoshi. Kunya ce ta ƙosar da shi.

Abin da ya sami ƙauye

Dā, in ciwo ya shigo gida, manomi yana da abin taɓawa. Ya kai akuya kasuwa, ko ya buɗe rumbu ya fid da dami biyar, ko dangi su yi masa karo-karo. Yanzu a gabashin jihar nan abin ya sake. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, mutane suka watse. A watan Oktoba na 2021 suka shiga kasuwar Goronyo ranar da take ci, suka kashe fiye da mutum 40. A watan Disamba na wannan shekara suka tare motar matafiya a ƙasar Sabon Birni suka cinna mata wuta, fiye da mutum 20 suka ƙone a ciki, har da mata da yara. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. In basarake bai tsira ba, ina talaka?

Wannan shi ne abin da aka ji a rediyo. Abin da rediyo ba ta cika faɗa ba shi ne gonar da aka bari ta zama saura don tana nesa da gari, da shanun huɗa da aka kora cikin dare ɗaya, da kuɗin da ake ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya yi shuka ko ya kwashe amfanin gona. Ga shi kuma tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta, abinci ma ya bi. To, mutumin da duk wannan ya bi ta kansa shi ne kake gani da tabarma a Gawon Nama. Ba malalaci ba ne, ba maroƙi ba ne. Manomi ne irinka, wanda dā yake ciyad da baƙo a zaurensa.

Dintsi ɗaya

A wata ƙaramar ikkilisiya da ba ta da nisa da shataletalen akwai zumuntar mata da ba su wuce talatin ba. Yawancinsu matan ƙananan ma'aikata ne, da masu ɗinki, da masu toya ƙosai. Shugabarsu, wadda kowa ke ce wa Mama, mutuniyar ƙasar Zuru ce. Wata shekara, tun kafin annobar korona, ta yi jinyar maigidanta kwana arba'in. Ta ce a mako na uku kuɗi suka yanke mata ƙaf. Wata mata Musulma daga wajen Gwadabawa, wadda tabarmarta ke kusa da tata, ta lura cewa tun safe ba ta ga ta kai hannu baki ba. Ba ta tambaye ta kome ba. Ta dama fura, ta raba biyu, ta tura mata ƙwarya. Haka ta yi ta yi har kwana tara, har aka sallame su suka tafi. Mama ta ce ko sunan ƙauyensu ba ta riƙe ba.

Ina so mai karatu ya lura da wannan. Alherin nan ba daga wurinmu ya fara ba. Mu aka fara yi wa.

Da maigidan ya warke, Mama ta kawo shawara gaban zumunta. Ba ta roƙi kuɗi ba, don ta san babu. Ta ce duk lokacin da mace za ta ɗora tukunya a gidanta, ta ɗebi dintsi ɗaya, watau cikin hannu guda, na gero ko shinkafa ko masara ko wake, ta zuba a wani kwano dabam. Iyali ba za su ji an rage kome ba. Ran Lahadi kowa ta zo da abin da ta tara. A lissafinsu, mata talatin masu girki sau biyu a rana suna tara abin da ya kai tiya shida ko bakwai a mako. Mazan suka ɗauki nauyin itace da mai da gishiri. Ran Alhamis a dama kunu, a yi dafa-duka ko tuwo da miyar kuka, a zuba a manyan kuloli, mata huɗu su ɗauka su kai wa masu jinya.

Ba su suka fara wannan dabara a duniya ba. A jihar Mizoram ta ƙasar Indiya matan ikkilisiya sun soma ware dintsin shinkafa tun 1910, har yau suna yi, da shi ake ɗaukar nauyin ayyuka masu yawa na ikkilisiyoyinsu. Tun kafin su ma akwai gwauruwar nan ta Zarefat da muke karantawa a 1 Sarakuna sura 17. Lokacin fari ne, abin da ya rage mata ɗan gari ne cikin hannu da ɗan mai a kwalba, tana tsintar itace ta yi wa kanta da ɗanta tuwon ƙarshe. Annabi Iliya baƙo ne a wurinta, ba ƙabilarsu ɗaya ba, ba ƙasarsu ɗaya ba. Ta ba shi daga cikin abin da bai ishe ta ba, garin kuwa bai ƙare ba har aka yi ruwa.

Ranar da tukunya ta yi sanyi

Ba za mu ɓoye abin da ya faru ba, gama kowa ya sani. Ranar 12 ga Mayu, 2022, aka kashe Deborah Samuel, ɗaliba Kirista, a Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari a nan Sakkwato, bisa zargin ta yi saɓo. Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan. Aka kama mutum biyu. Ranar 14 ga wata matasa suka fito neman a sake su, abin ya rikiɗe ya zama tarzoma. Aka farfasa tagogi a babbar majami'ar Katolika ta Holy Family, aka yi ɓarna a majami'ar St. Kevin, aka taɓa shagunan mutane. Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24. Bishop Matthew Hassan Kukah ya roƙi Kirista su kwantar da hankali su yi addu'a, aka dakatar da sujada a majami'un Katolika na cikin birni har a ɗage dokar.

Alhamis ta zo, ba wadda ta ɗora tukunya. Ta biyu ta zo, haka. Da farko tsoro ne, tsoron kuwa yana da dalili, ba mai ganin laifin uwar da ta ƙi fita ta bar 'ya'ya a gida. Amma da gari ya lafa, kasuwa ta ci, yara suka koma makaranta, tukunya tana nan a kife. A nan ne muka gane ba tsoro kaɗai ba ne. Ɗaci ne ya shiga. Mata suna ta ware dintsinsu bisa ga sabo, hatsi yana taruwa a ɗakin ajiya na ikkilisiya, har ƙwari suka fara shiga. Wata huɗu aka yi a haka.

Sai dattawa suka kira taro bayan sujada, a yanke shawara a kan hatsin nan. Wasu suka ce a raba wa gwauraye na cikin ikkilisiya, shi ke nan. Shawara ce mai kyau, ba wanda zai kushe ta. Mama ta ce a ba gwauraye rabi, a koma asibiti da rabi. Sai wani saurayi daga ƙungiyar matasa ya ɗaga hannu, muryarsa tana rawa.

Ya ce, "Mama, ki gafarce ni, amma ni dai ban gane ba. An kashe 'yar'uwarmu kamar kaza. Kafin ita an sace Michael Nnadi a makarantar horad da limamai a Kaduna a 2020, ɗan shekara goma sha takwas, ɗan wannan yanki namu, aka kashe shi. Mu kullum sai haƙuri, sai addu'a. Yanzu kuma mu ɗauki tuwo mu bi su da shi? Mu ba mu da zuciya ne?"

Ba wanda ya tsawata masa, kuma daidai ne da ba a tsawata masa ba. Abin da ke cikin mutane da yawa ne ya fito ta bakinsa. Ikkilisiyar da ba ta barin 'ya'yanta su yi kuka a gabanta, za su je su yi shi a inda ba mai lallashi.

Mama ta ce, "Ɗana, zauna in tambaye ka. Matar da ke kwance a tabarma tana jiran ɗanta da aka harba a gona, ita ta jefi Deborah? Ita ma gudowa ta yi. Wanda ya kashe mana, da wanda ya kashe mata, duk aikin Shaiɗan ɗaya suke yi. In na hana ta kunu don laifin wani, me na rama? Na dai ƙara wa mai kuka kuka."

Wani dattijo ya tuna wa taro labarin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta jihar Filato. A watan Yuni na 2018, da mahara suka auka wa ƙauyukan wurin, ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da cikin gidansa, ya tsaya a ƙofa, tsoho ne mai shekara tamanin da wani abu, ya ƙi ba da su. Dattijon ya ce da limamin nan ya tsaya lissafin su wa da su wa, da yau ana zaman makokin mutanen nan. Sa'an nan Fasto ya buɗe Luka sura 10. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya ce mu lura da abu ɗaya: da Ubangiji zai nuna mana maƙwabci, bai zaɓi mutumin da ke shiri da wanda aka yi wa fashi ba. Ya zaɓi Basamariye, alhali tsakanin Samariyawa da Yahudawa akwai tsohuwar gaba. Kuma Basamariyen nan a hanyar 'yan fashi ya tsaya, ba a cikin gidansa da ƙofa a kulle ba.

Ran nan ba a gama magana ba. Saurayin ya fita kafin addu'ar rufewa.

Itacen da unguwa ta ci sunansa

A taro na biyu ne wani tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya miƙe, ya ce, "Ku da kuke zaune a Gawon Nama, kun san gawo kuwa?" Yaran birni suka yi dariya. Amma ku na ƙauye kun san shi, bari dai mu maimaita don amfanin kowa.

Gawo itace ne mai halin kansa. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado da ganye, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara, har mutane kan yi masa ba'a su ce ya ƙi ruwan Allah. Amma wannan ba'a ta wanda bai duba ba ce. Ganyen da ya zubar a farkon damina taki ne, ya faɗi daidai lokacin da shuka ke bukatarsa. Da yake ba shi da inuwa a lokacin, ba ya danne gero, shi ya sa za ka ga geron gindin gawo ya fi na sauran gona tsawo da kauri. Sa'an nan in ruwa ya ɗauke, iska ta bushe, sauran itatuwa suka zube, sai gawo ya yi kore shar. A tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke hana tsuntsu tashi, shi ne inuwar makiyayi, 'ya'yansa kuma su ne abincin awaki da tumaki sa'ad da ciyawa ta ƙare. Dabbobin da ke hutawa a gindinsa su bar kashinsu, gona ta ƙara samun taki. Asirinsa yana ƙasa: saiwarsa tana nutsewa can ƙwarai, tana shan ruwan da ido ba ya gani. Mutanen dā sun san darajarsa, har ana ba da labarin Sarkin Damagaram Tanimu ya kafa doka mai tsanani a kan mai sare shi.

Malamin gona ya ce, "Alheri da damina kowa ya iya. Lokacin da gari ke lafiya, aljihu da nauyi, maƙwabci yana yi maka murmushi, ko wanda bai san Allah ba yana kyauta. Mu an kira mu mu yi ganye da rani." Ya ce a duba Irmiya sura 17, inda aka kwatanta mai dogara ga Ubangiji da itacen da saiwarsa ta kai ga ruwa, wanda shekarar fari ba ta hana shi 'ya'ya.

Da yake mun shiga gona, bari in ƙara da labarin maƙwabtanmu na Maraɗi, don ya shafi dogara ga Allah, ya kuma shafi itace. Wani ma'aikacin mishan na S.I.M., Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi shekaru yana dasa itatuwa a ƙasar Maraɗi suna mutuwa. A 1983, ya kusa fid da zuciya, ya tsaya a hanya zai rage iskar taya saboda yashi, ya dubi ƙasa fayau ba itace, ya yi addu'a Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da 'yan tsire-tsiren da kowa ke sassabewa kafin shuka. Ashe ba ciyawa ba ce, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana da rai a ƙasa. Ba sai an dasa ba. A zaɓi rassa masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, a datse sauran, a kāre su daga gatari da wuta. Da yunwar 1984 ta zo, mishan ta yi rabon abinci ga manoma, kusan dukansu Musulmi, tare da koya musu wannan aiki da aka riƙa kira sassaben zamani. Da yunwa ta wuce da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga amfani, maƙwabta suka kwaikwaya. Daga baya masu bincike suka ƙiyasta cewa a ƙasar Nijar an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, gawo kuwa yana da yawa a cikinsu. Ɗan'uwa manomi, bana kafin ka sa adda a gonarka, duƙa ka duba abin da za ka sare.

Abin da nake so in fitar a nan shi ne, mutumin nan bai yi addu'a ya koma gida ya kwanta ba. Akwai wata irin dogara ga Allah da nake ji a bakin mutane wadda ba ta wuce naɗe hannu ba. Annabi Irmiya, a sura 32, yana tsare a kurkuku, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, sai ya auna azurfa shekel 17 ya sayi gona a Anatot, aka rubuta takarda a gaban shaidu, aka adana ta a tulun yumɓu don ta daɗe. Ga mai kallo wauta ce. Wa ke sayen gona ana yaƙi? Sai wanda ya gaskata cewa Allah bai gama da ƙasar ba. Wannan aiki na jinƙai kuma ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Tun a shekarun 1930 ma'aikatan mishan suke wanke gyambon kutare a Amanawa, cikin ƙaramar hukumar Dange Shuni ta yanzu, a zamanin da ko dangin kuturu ba sa cin abinci a kwano ɗaya da shi.

An sake hura wuta

Tukunya ta koma kan murhu a ƙarshen daminar 2022. Ba duka matan suka dawo ba, mutum shida sun ce su dai a bar su, aka kuwa bar su ba tare da gori ba. Waɗanda suka dawo sun koyi 'yan abubuwa da zan faɗa don ikkilisiyar da ke so ta gwada a kusa da asibitin garinsu.

A nemi izinin masu kula da wurin tukuna, a bi abin da suka ce. Abincin na mai jinya ne, kada a ba marar lafiya ko cokali ɗaya sai ma'aikaciyar jinya ta yarda, gama akwai mai jiran tiyata, akwai mai ciwon sukari. A je da rana, a je mutum biyu ko fiye, a dawo kafin magariba. Dogara ga Allah ba ta hana a ɗaure akuya. In za a sa nama, a saya wurin mahautan kasuwa da kowa ya sani, don kada wani ya karɓa da shakka a zuci. Da watan azumi a mai da rabon kusa da faɗuwar rana, a ƙara da kunu mai ɗumi.

Abu biyu kuma Mama ta hana, ni ma ina bayanta. Na ɗaya, hoto. Ba a ɗaukar mai yunwa hoto a sa a Facebook. Mutumin nan yana da mutunci a garinsu, yana da surukai. Na biyu, ba a mai da ludayi ƙugiya. Ba a cewa sai ka saurari wa'azi za a zuba maka. In wani ya tambaya su wane ne ku, me ya sa kuke yin haka, a faɗa masa gaskiya a fili: mu masu bin Yesu Almasihu ne, shi ya ƙaunace mu tun ba mu cancanta ba, shi ya umarce mu. In ya ce a yi masa addu'a, a yi. In bai ce ba, a yi masa a gida. Akwai wanda ya taɓa mai da kwano da ya ji ko su wane ne. Aka ce masa Allah ya ba da lafiya, aka wuce gaba.

Garin rabon abinci ne matan suka gano wata bukata da ta fi ta tuwo, watau jini. Mai haihuwa da ta zubar da jini, yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye, wanda aka harba, duk sai an ƙara musu jini, akan kuwa nemi dangi su kawo mai bayarwa. Ɗan birni ya buga waya, abokai su zo. Baƙauye wa ya sani? Sai matasan ikkilisiya suka buɗe littafi, kowa aka rubuta sunansa da rukunin jininsa. Ga masu jin tsoro: lafiyayyen mutum daga shekara 18, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki yana mai da ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran kuma cikin 'yan makonni. Namiji yana iya sake bayarwa bayan wata uku. Ana gwada jinin tukuna saboda ƙanjamau da ciwon hanta, allurar kuma sabuwa ce. Zancen cewa ba da jini yana rage wa namiji ƙarfi, zancen bakin kasuwa ne.

Wata Alhamis da damina matan suka tarar da wani magidanci daga ƙasar Sabon Birni zaune ya haɗa kai da gwiwa. Ɗansa ɗan wajen shekara goma yana bukatar jini, shi kuwa an gwada shi an ce nasa ma bai ishe shi ba. Aka duba littafi, aka buga wa mutum biyu ba a same su ba. Na uku shi ne saurayin nan da ya fita daga taro. Shi bai rubuta sunansa ba, ƙanwarsa ce ta rubuta. Mama ta kira shi da kanta. Ya yi shiru a waya har ta zaci layi ya yanke, sa'an nan ya ce, "Mama, don ke zan zo." Ta ce, "Zo don ko wane ne, ɗana, ka dai zo." Ya zo a kan babur, ya kwanta aka ɗiba, ya tashi ya tafi, ko uban yaron bai tsaya ya gaisa da shi ba. Matan suka bar wa mutumin ƙaramar kula da tuwo.

Da na so in rubuta muku cewa yaron ya tashi. Bai tashi ba. An kawo shi a makare, bayan kwana uku ya cika.

Ran Litinin da hantsi mai gadin ikkilisiya ya aiko a kira Mama, wai wani baƙo yana tsaye a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Mutumin ne. Tambaya ya yi ta yi wurin 'yan kabu-kabu har aka nuna masa wurin. Ya miƙo kular da hannu biyu, an wanke ta tas.

Ya ce, "Baiwar Allah, ga kwanonku. Yaron da kunka ba jini, Allah ya karɓi abinai, mun rufe shi jiya. Ina yaron nan da yab ba da jini? Ki gaishe min shi. Ki ce mai ban da abin ba shi, Allah shi biya shi."

Mama ta yi masa ta'aziyya, ta tambaye shi ko yana da kuɗin mota. Ya ce wani ɗan garinsu mai ɗaukar albasa zai rage masa hanya. Da ya tafi ta buɗe kular, sai ga goro uku a naɗe cikin ganye. Ta aika wa saurayin da su tare da saƙon, kalma da kalma. Har yau bai ce ya sake ra'ayi ba, in an ta da zancen yana nan da zafinsa. Amma ƙanwarsa ta ce ya karɓi littafin, ya gyara lambar wayarsa da hannunsa.

Roƙonmu ga ikkilisiyoyin ƙauye guda biyu ne. In kaka ta yi, wanda Allah ya ba dama ya ware mudu ɗaya na gero ko wake, a tara wurin mai bishara, ya aiko ta hannun mai zuwa taron gunduma. In kuma za ku turo marar lafiya Sakkwato, naku ne ko maƙwabcinku Musulmi, ku haɗa mai jinya da 'yar wasiƙa zuwa ga ikkilisiyar da kuka sani a birni, don kada ya sauka a Gawon Nama ba wanda ya san da zuwansa. Ran Alhamis ake ɗora tukunya, da ƙarfe goma sha biyu na rana.